Me Ya Sa Ciwon Ƙafar Ɗan Kasuwa Ke Daɗewa Bai Warke Ba?

Daga Tamale

Duk wanda ya taɓa tsayawa a bakin kasuwar Aboabo da ke birnin Tamale da misalin ƙarfe bakwai na safe, ya san cewa garin nan na masu babur ne. Maza da mata, tsofaffi da 'yan makaranta, kowa a kan moto, kamar yadda mutanen nan ke kiransa, ga kekuna, ga Motorking ɗauke da buhunan masara da doya, ga kuma masu ƙafa uku da ake ce wa yalo-yalo suna kutsawa ta ko'ina. Inda kuwa babur ya yi yawa haka, ba a raba mutane da ƙunar salansa a ƙwauri, da ƙujewar gwiwa, da yankan kwano, balle uwa-uba karaya. Yawancin waɗannan raunuka ba su kai a kwantar da mutum a asibiti ba. Akan wanke a ɗaure, mai shi ya koma rumfarsa washegari. To amma a cikinsu ne ake samun wanda zai yi wata uku, wata shida, har shekara yana tsiyayar ruwa, ya zama gyambo, mai shi ya yi ta yawo daga kemis zuwa mai maganin gargajiya, ana cewa jifa ne ko sammu.

Sau da yawa dalilin yana kusa. Yana cikin abin da ƙafar ke sha tun daga asuba har zuwa tashin kasuwa, wato takawa da tsayuwa da lanƙwasawa, da matsin takalmi da na ƙyallen da aka ɗaure ta da shi, da kuma zaman mota na awa biyar ko shida ƙafa na reto. Likitoci sun daɗe da sanin cewa magani shi kaɗai ba ya rufe ciwo, sai jini ya kai wurin. Abin da bincike ya ƙara fitowa da shi a shekarun baya-bayan nan shi ne, sababbin jijiyoyin da ke kai wannan jini suna jin ja, suna jin matsi, kuma gwargwadon abin da suka ji, da lokacin da suka ji shi, su ke sa su tsiro ko su mutu.

Jan naman nan da kake gani

Idan fata ta yanke ko ta ƙone, ƙananan jijiyoyin jinin da ke wurin sun lalace ke nan. Ba irin manyan da ake gani a bayan hannu muke nufi ba. Waɗannan sirara ne ƙwarai, kaurin ɗaya bai wuce kashi ɗaya cikin goma na silin gashi ba, har ma ƙwayoyin jini sai sun yi layi ɗaya bayan ɗaya kafin su wuce ta ciki. In manyan jijiyoyi su ne tirelolin da ke sauke kaya a gari, to waɗannan su ne 'yan tallar da ke kai wa kowane gida. Naman jiki kuwa ba ya rayuwa idan nisansa da irin wannan jijiya ya wuce kashi ɗaya cikin biyar na milimita, domin iyakar inda iskar oksijin ke iya ratsawa ke nan.

A kwana biyu zuwa uku na farko, jini kan daskare ya toshe wurin, gefen ya ɗan kumbura ya yi zafi, fararen ƙwayoyin jini suna share datti da ƙwayoyin cuta. Daga kwana na uku ko na huɗu ne sababbin jijiyoyi ke fara kutsawa cikin ramin, su cika shi da wani jan nama mai ɗanshi, mai gudaji-gudaji, wanda da zarar an taɓa shi sai ya tsatso da jini. Wannan jan nama shi ne alamar alheri, domin a kansa ne sabuwar fata za ta rarrafo daga gefe ta rufe ciwon. Abin takaici, wasu na ɗaukarsa ƙazanta, su gurje shi, wasu su zuba masa man birki ko fetur ko ruwan batir, wai don ya bushe da wuri. Bushewa yakan yi, amma jijiyoyin da suka kwana huɗu suna tsirowa sun ƙone, aiki ya koma farko. Su dai waɗannan jijiyoyi a makonsu na farko kamar katangar laka ce da ba ta sha iska ba. Ko jingina aka yi da ita sai ta zube.

Shekaru da dama masana sun ɗauka cewa hanya ɗaya ce jijiyoyin ke bi su shiga ciwo. Naman da ya rasa iska yana fitar da wani sinadari da ake kira VEGF, wanda aka tantance a 1989, sai tsofaffin jijiyoyin da ke kusa su yi reshe su nufi inda kiran ya fito, kamar yadda saiwar bishiya ke bin danshi. Wannan gaskiya ne, amma ba shi ke nan ba. A shekarar 2009, masu bincike a Jami'ar Uppsala da ke ƙasar Suwidin, ƙarƙashin jagorancin Pär Gerwins, sun wallafa wani sakamako a mujallar Nature Medicine bayan gwaje-gwajen da suka yi a kan tantanin cikin ƙwan kaza da kuma idon ɓera. A cikin kowane ciwo akwai wasu ƙwayoyin halitta da aikinsu shi ne tsuke bakinsa, tamkar yadda ake jan mazagin wando. Abin da mutanen Uppsala suka gani shi ne, yayin da ake wannan tsukewa, ana jawo tsofaffin jijiyoyin da ke gefe, su miƙe su lanƙwaso zuwa cikin ciwon, da jininsu yana gudana a ciki. Wato kamar mai sabon shago ne da bai jira an kafa masa turken lantarki ba, ya jawo waya daga wurin maƙwabcinsa. Ke nan shi kansa ciwon yana da nasa jan na cikin gida, mai laushi, wanda yake tafiya a hankali dare da rana, kuma da shi yake samo jini.

Hasali ma tun a 1893 wani likitan Jamus mai suna Richard Thoma ya lura cewa jijiyar da jini ke gudu a cikinta tana ƙara faɗi, wadda kuwa jini ya yi sanyi a cikinta sai ta tsuke ta ɓace, kamar hanyar da fatake suka daina bi. Sai a 2010 aka gano ɗaya daga cikin 'yan ƙofofin da ƙwayoyin halitta ke jin matsi da su, aka sa masa suna Piezo, kuma Ardem Patapoutian da ya jagoranci aikin ya sami kyautar Nobel a 2021.

Motsi na da lokacinsa

Tambayar da ta fi damun ɗan kasuwa ita ce: yaushe zan koma bakin aiki? Kasuwar Bolgatanga da ta Bawku duk bayan kwana uku suke ci, ta Tamale bayan kwana shida, kaya kuma ba sa jira, musamman ga mai albasa ko tumatir. Shi kuwa ciwo lissafinsa daban.

Wani gwaji da aka yi a Cibiyar Fasaha ta Jojiya da ke Amurka, aka wallafa a 2011, ya ba da amsar da ta fi kowace fitowa fili. An cire wani yanki na ƙashin cinyar ɓeraye, aka riƙe ƙashin da ƙarfe iri biyu, wani mai hana motsi sam, wani mai barin nauyin jiki ya riƙa ɗan danna wurin. Ɓerayen da aka bar wa motsi tun daga ranar farko, shigar sababbin jijiyoyi cikin raunin ta ragu da kashi 66 cikin 100, sabon ƙashin da ya fito kuma ya ragu da kashi 75 cikin 100. Amma waɗanda aka tsare wurin tsaf har mako huɗu sannan aka sakar musu motsin, sai ƙashinsu ya ƙaru da kashi 20 cikin 100 a kan na waɗanda ba a taɓa sakar wa ba, jijiyoyinsu kuma suka yi kauri. Motsi ɗaya ne, nauyi ɗaya ne. Da wuri ya yi ɓarna, daga baya ya yi gyara. Ɓera ba mutum ba ne, ƙashi kuma ba fata ba ne, saboda haka kada mai karatu ya ɗauki mako huɗun nan a matsayin doka ga kowane ciwo. Darasin dai shi ne, akwai kwanakin da jijiyoyin ke buƙatar a ƙyale su su haɗu da juna, sa'annan akwai kwanakin da suke buƙatar a ba su aiki.

A fata ma haka abin yake. Yankan da aka ɗinke, bayan mako guda bai kai kashi 5 cikin 100 na ƙarfin fatar da ba ta taɓa yankewa ba, zaren ne kurum ke riƙe da shi. Bayan mako uku yakan kai wajen kashi 20, sai an yi kamar wata uku ya kai kashi 80, kuma daga nan ba ya ƙara wani abin kirki. Don haka wanda aka cire wa zare ranar Talata, ya tashi ranar Laraba yana kinkimar buhun masara ko yana buga kik ɗin babur da wannan ƙafa, bai kamata ya yi mamaki ba in wurin ya buɗe. Ciwon da ya faɗo a kan gwiwa ko idon sawu ko gaɓar yatsa ya fi kowane shan wannan wahala, domin duk taku ɗaya sai an buɗe bakinsa an rufe.

Wanda ya fi kowa nuna amfanin ja in an yi shi da awo shi ne wani likita a tsohuwar Tarayyar Sobiyat, Gavriil Ilizarov, wanda ya yi aiki a garin Kurgan na yankin Saiberiya. Tun farkon shekarun 1950 ya ƙera wasu zobba na ƙarfe da ake kewaye ƙafa da su, a soke ƙashi da siraran wayoyi, a riƙa juya noti ana raba ɓangarorin ƙashin da aka yanke. Ba ya fara juyawa sai wurin ya huta kamar kwana biyar zuwa bakwai. Daga nan sai milimita ɗaya a rana, ita ma a raba ta huɗu. Ya nuna cewa in an rage zuwa rabin milimita ƙashin yakan haɗe kafin a gama, in an kai milimita biyu kuwa jijiyoyi ba sa iya bi, jini ya gaza, wurin ya ƙi cika. A milimita ɗaya, ƙashi da tsoka da fata da jijiyoyin jini duk sukan tsiro su bi jan, har a ƙara wa ƙafa tsawo. Abin da ya fito da sunansa zai ba mutanen Tamale sha'awa, domin hatsarin babur ne: Valery Brumel, zakaran tsallen sama a gasar Olamfik ta 1964, ya ragargaza ƙafarsa ta dama a kan babur a 1965, aka yi ta yi masa tiyata ba nasara, sai a 1968 Ilizarov ya karɓe shi, ƙafar ta haɗe.

Dattawan Savelugu da kewaye ba sa buƙatar a yi musu dogon bayani kan wannan. Sun san zamanin kurkunu, lokacin da ake naɗe tsutsar a jikin tsinke ana ja kaɗan-kaɗan kowace rana, wani sa'in har makonni, kuma sun san abin da ke biyo baya idan mai ja ya yi gaggawa ta tsinke a ciki. An ga mutum na ƙarshe mai kurkunu a Gana a ƙauyen Diare cikin watan Mayun 2010, Hukumar Lafiya ta Duniya kuma ta tabbatar wa ƙasar da rabuwa da cutar a 2015.

Ɗaurin da ke warkarwa da wanda ke kashe ƙafa

A nan ne aka fi yin kuskure, domin kalma ɗaya ce, ɗauri, amma abu biyu ne.

Ƙarfin jinin da ke cikin siraran jijiyoyin fata kaɗan ne, wajen 30 a irin ma'aunin da ake auna hawan jini da shi. Duk abin da ya danne nama a kan ƙashi fiye da haka, ya kuma daɗe bai ɗaga ba, to ya rufe su ruf. Wannan ne ke sa majinyacin da ya daɗe kwance ya sami miki a ƙugu da diddige, kuma shi ya sa ma'aikatan jinya ke cewa a riƙa juya shi duk bayan awa biyu. Shi ne kuma haɗarin da ke cikin ɗorin da aka tamke da yawa. Ɗori a ƙasar Dagomba, kamar a ƙasar Hausa, sana'a ce ta gado, mutane sun yarda da ita, tana kusa da su, kuma ba za a ce ba ta taɓa yi wa kowa rana ba. Matsalar ita ce, hannu ko ƙafar da ta karye tana ci gaba da kumbura har kwana biyu zuwa uku, alhali karan ɗori da igiyar da aka tamke ba sa buɗewa. Sai matsin ya koma ciki, jini ya tsaya, tsokar da ta rasa jini kuwa cikin kamar awa shida take fara mutuwa. Yara ne suka fi shiga wannan hali. Akwai kuma al'adar kwance ɗori a kai a kai ana murza wurin da ƙarfi a makon farko, wanda shi ne ainihin abin da gwajin ɓerayen nan ya nuna yana tsinka sababbin jijiyoyi.

Likitocin ƙashi na Asibitin Koyarwa na Tamale, wanda aka buɗe tun 1974, sun zauna da masu ɗorin yankin sun ji ta bakinsu, suka wallafa abin da suka samu a 2020, inda ya nuna mafi yawansu na son a ba su horo, a kuma yi aiki tare. A ganinmu wannan ya fi zagin juna amfani. Kafin a kai ga haka ko'ina, iyaye su riƙe alamun nan: in ciwo yana ƙaruwa maimakon raguwa bayan an ɗaure, in yatsu sun yi sanyi ko sun yi baƙi ko sun daina ji, in yaro ya ƙwala ihu da an miƙe masa yatsa, to a sassauta ɗaurin nan take a nufi asibiti, ko da tsakar dare ne. Kada a ce sai gari ya waye. Karayar da ƙashi ya huda fata kuwa, tun farko ba ta gidan mai ɗori ba ce.

Ɗauri na biyu shi ne wanda gyambon ƙwauri ke buƙata, kuma shi ne ya fi shafar mai tsayuwa a rumfa da mai doguwar tafiya. Jinin da ya sauka ƙafa sai ya hau ya koma zuciya, abin da ke tura shi kuwa shi ne tsokar sha-raɓa, wadda ke matse jijiyoyi kamar famfo duk lokacin da aka yi taku. Mutumin da ke tsaye cik, nauyin jinin da ke idon sawunsa yakan kai 80 zuwa 90 a wancan ma'auni. In ya fara tafiya sai ya sauko zuwa wajen 30. Mai awon hatsi da ke wuni a tsaye, da mai zama a kan benci ƙafa na lilo, da wanda ya taso daga Paga ko Sinkase a cunkushe cikin mota har Techiman ko Kumasi, duk famfon nan nasu a kashe yake. Ƙafa ta kumbura, ruwa ya cika naman da ke kewaye da ciwon, tazarar da ke tsakanin jijiya da naman da take ciyarwa ta ƙaru, jan naman nan ya koma fari-fari ya daina tsiro. Irin wannan gyambo an fi ganinsa a ɗan saman idon sawu, fatar gefensa ta yi duhu ta yi tauri.

Maganinsa na asali shi ne bandeji mai talewa da ake naɗawa tun daga gindin yatsu har ƙasan gwiwa, ya fi matsewa a idon sawu, wajen 40, yana sassautawa yayin da yake hawa. Mai karatu zai ce, ba yanzu aka ce 30 na rufe jijiya ba? Bambancin shi ne, wannan matsi a baje yake a kan ƙafa gaba ɗaya, yana tallafa wa jinin da ke neman hawa, ba a tattare yake a wuri guda a kan ƙashi ba. Ƙyallen da aka ɗaure a daidai kan ciwon kaɗai, aka ƙulle shi tam kamar bakin buhu, akasin haka yake yi: yana tare jinin a ƙasa. Kuma ko shi bandejin na gaskiya ba a naɗa shi sai ma'aikacin lafiya ya duba bugun jini a ƙafar, domin wanda jijiyoyin da ke kawo masa jini suka tsuke, kamar wasu masu ciwon suga da tsofaffin mashaya taba, matsi zai iya kashe masa ƙafa. Mai irin wannan gyambo, in an naɗa masa bandeji, tafiya tana yi masa amfani, tsayuwa wuri ɗaya ce abokiyar gabarsa. In ya zauna ya ɗora ƙafar a kan buhu ko kwali, da dare ya sa matashi ta ɗan fi ƙirjinsa tudu. A mota kuwa ya riƙa motsa tafin ƙafa sama da ƙasa, ya sauko ya taka duk inda aka tsaya, ko a Walewale ne ko a Kintampo.

Ciwon tafin ƙafa

Shawarar da ta gabata ta juye gaba ɗaya idan ciwon a tafin ƙafa yake. A nan kowane taku duka ne a kan sababbin jijiyoyi, kuma mai yawo a kasuwa yana yin dubbai a wuni.

Wanda ya fahimtar da duniya wannan shi ne Paul Brand, likita ɗan Ingila da ya fara aiki a Vellore ta ƙasar Indiya a 1946, a tsakanin masu cutar kuturta. A da an ɗauka cutar ce da kanta ke cinye yatsu. Brand ya nuna cewa abin da cutar ke yi shi ne kashe jin zafi, sai mutum ya yi ta taka wuri ɗaya, ya yi ta taka ciwon da ke wurin, ba tare da ɗingishin da zai kare shi ba. Da aka sa wa irin waɗannan ƙafafu simintin asibiti da ke rarraba nauyi, gyambon da ya shekara sai ya rufe cikin makonni. Yau kuturta ta ja baya, amma ciwon suga ya gaje ta a wannan fage, domin shi ma yana kashe jin ƙafa, yana kuma raunana tsiron jijiyoyi. Mai suga zai iya wuni da tsakuwa ko ƙusa a cikin takalmi bai sani ba.

Wani gwaji da aka wallafa a Amurka a 2001 ya kwatanta hanyoyi uku a kan masu suga da ke da gyambon tafin ƙafa. Cikin mako 12, kusan kashi 90 cikin 100 na waɗanda aka sa wa simintin da ba ya ciruwa sun warke, masu takalmin asibiti da ake iya cirewa kashi 65, masu rabin takalmi kashi 58. Da aka bi sawu a wani binciken na 2003, sai aka tarar masu takalmin da ake cirewa ba sa sa shi sai a kashi 28 cikin 100 na takun da suke yi a rana. Wato fifikon simintin shi ne mai shi ba ya iya yi masa wayo. Duk ɗan kasuwa ya san wannan hali a kansa: "bari in ɗan leƙa rumfa in dawo," sai ga shi la'asar ta yi. Mai suga da ya ga ko ɗan ƙurji ne a ƙafarsa, ya je asibiti a ranar, ya nemi sanda, ya bar yaro a rumfa. Har zaman salla ma, in yana danne ciwon gwiwa ko na idon sawu, ya tambayi malaminsa, domin addini ya yi wa majinyaci sauƙi.

Akwai wata na'ura da ta juya wannan ilimi ya zama magani kai tsaye. A 1997 wasu masana biyu na Jami'ar Wake Forest a Amurka, Louis Argenta da Michael Morykwas, suka bayyana hanyar cusa soso na musamman a cikin babban rauni, a rufe da leda mai manne, a haɗa da injin da ke zuƙa a hankali. A gwajin da suka yi da aladu, zuƙar da ta kai 125 a wancan ma'auni ta ninka gudun jini a wurin sau huɗu, jan nama kuma ya fi saurin cikowa. Wanda ya san ƙahon wanzamai zai gane hoton, sai dai kada kowa ya ce zai kafa ƙaho a kan gyambo. Ita wannan zuƙa a aune take, soson ba shi da ƙwayar cuta, ana kuma canza shi duk bayan kwana biyu ko uku. Sai a manyan asibitoci ake samunta, kuma tana da tsada.

Ja yana da hannu har a irin tabon da ciwo ke bari. Tabon nan mai tasowa ya yi tudu ya wuce iyakar ciwon, wanda ya fi yawa a baƙar fata, an fi samunsa a ƙirji da kafaɗa da muƙamuƙi, wuraren da fata ke a miƙe kullum. Wanda ya san jikinsa na yin haka ya gaya wa likita kafin a yi masa ɗinki, ya kuma guji tsaga da hujin da ba dole ba.

Yawancin ƙananan raunuka a jikin mai lafiya sukan rufe cikin mako biyu, wato ci huɗu ko biyar na kasuwar Bolga. A wanke da ruwa mai tsabta da sabulu tun a ranar, a rufe da bandeji mai tsabta kada ya bushe ya tsage, a yi allurar tetanus, a huta wa gaɓar a makon farko, sa'annan a dawo da motsi kaɗan-kaɗan. Wanda ya wuce mako biyu bai fara tsukewa ba, ko ya fara wari, ko jan kumburi ya fara hawa ƙafa, ko zazzaɓi ya shigo, ya wuce aikin kemis, kuma ya kamata a gwada sugan mai shi. A Tamale, ban da Asibitin Koyarwa akwai Asibitin Central da na West. Wanda abin ya same shi a hanya, akwai babban asibitin Bolgatanga, da na War Memorial a Navrongo kusa da iyakar Paga, da na Presbyterian a Bawku, da na Baptist a Nalerigu, da kuma na Yendi ga masu bin hanyar Tatale zuwa Togo. Mazauna Gana da katinsu na inshorar lafiya ya ƙare suna iya sabunta shi ta wayar hannu, ta hanyar danna *929#, tun kafin su bar rumfa.